Tambaya da Amsa: Yadda Mai Nutso Zai Taso Lafiya Daga Zurfin Ruwa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke: yadda mai nutso da silindar iska zai dawo saman ruwa lafiya bayan ya yi zurfi. Mun zaɓi tara daga ciki. Lissafin da za ku gani na masu nutson shaƙatawa ne da masu shirin wuce wannan matakin, kuma karanta shi ba zai maye gurbin horo a hannun ƙwararren malami a cikin ruwa ba.

Assalamu alaikum. Na gama kwas ɗin nutso na farko, an ba ni izinin zurfin mita 18. Malaminmu ya dage kada mu wuce mita 9 a minti ɗaya wurin tasowa, kuma mu ƙara sassautawa idan mun kusa fitowa. Ni a ganina can ƙasa haɗarin yake. Me ya sa za a ji tsoron saman ruwa? — Mai karatu daga Legas

Wa alaikumus salam. Malam, malaminka ya faɗa maka gaskiya, ka riƙe ta da kyau. A bakin teku matsin iskar da ke kanka ba 1 ne (ba, wato bar a Turance, shi ne ma'aunin matsi). Duk mita 10 da ka nutsa a ruwan gishiri ana ƙara maka ba 1: a mita 10 kana ƙarƙashin ba 2, a mita 20 ba 3, a mita 30 ba 4, a mita 40 ba 5. Iska kuwa tana takurewa idan matsi ya ƙaru, tana kumbura idan ya ragu. Wanda ya taso daga mita 30 zuwa 20, iskar da ke huhunsa da falmaransa (rigar da mai nutso ke hura wa iska don daidaita kansa a ruwa) ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku kawai. Wanda ya taso daga mita 10 zuwa sama, tasa ta ninka biyu. Ko mita 5 ɗin ƙarshe kaɗai suna ƙara mata rabin girmanta. Tafiyar ɗaya ce a tsawo, amma sauyin matsi ya fi tsanani a kusa da sama.

Abu biyu wannan ke jawowa. Na farko fashewar huhu. Idan ka cika huhunka da iskar silinda ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura ta yaga ƙananan jakunkunan huhu, ta shiga jijiyar jini ta nufi ƙwaƙwalwa. Tasowar da ba ta fi mita ɗaya da 'yan kai ba ta isa ta yi wannan ɓarna idan huhun a cike yake, har a kwamin wanka. Shi ya sa dokar farko ita ce kada a riƙe numfashi ko kaɗan.

Na biyu ciwon kumfa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, jiki ba ya amfani da shi. A ƙarƙashin matsi yana narkewa a jini da tsoka da kitse, gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan matsin ya ragu sannu a hankali, jini zai kai shi huhu ka fitar da shi ta numfashi. Idan ya ragu farat ɗaya, sai ya yi abin da lemon kwalba ke yi idan an ɓalle murfinsa: ya tashi kumfa a gaɓoɓi, a laka, a cikin jini.

Don haka ga tsarin: mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya daga ƙasa har zuwa mita 5, sai ka yada zangon kariya na minti 3 zuwa 5, sannan ka ɗauki aƙalla minti guda cur kafin kanka ya fito. Wasu tsofaffin jadawalin nutso sun yarda da mita 18 a minti, amma yawancin kwamfutocin nutso na yanzu, waɗanda ake ɗaurawa a hannu, suna fara ƙarar gargaɗi tun a wajen mita 10 a minti. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya yi haƙurin minti 3 a zango, da zarar kwamfuta ta sallame shi sai ya harba ƙafa ya fito cikin daƙiƙa goma. Ya ɓata aikinsa a daidai wurin da ya fi bukatar natsuwa. Tsohuwar dabarar nan ta bin ƙananan kumfar numfashinka kuma kada ka dogara da ita sai idan kwamfuta ta mutu, domin kumfar tana girma tana ƙara gudu yayin da take hawa.

Masuntanmu suna nutsewa su riƙe numfashi su taso da gudu, tun kaka da kakanni, ba abin da ke samun su. Yaya kuke cewa riƙe numfashi na kisa? — Mai karatu daga Yawuri

Ɗan'uwa, bambancin yana wurin da aka shaƙi iskar. Masunci ya cika huhunsa a sama, a matsin ba 1. Yana nutsewa iskar ta takure, yana tasowa ta koma daidai girmanta na farko, ba za ta wuce shi ba. Mai silinda kuwa yana cika huhunsa a ƙasa da iskar da matsinta ya yi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi, ita ce ke kumbura. Kuma masunci minti ɗaya ko biyu yake yi, naitirojin bai samu lokacin taruwa sosai ba.

Amma a kula da wurare biyu. Idan mai nutso da numfashinsa ya tarar da mai silinda a ƙasa ya karɓi shaƙa ko da guda ɗaya, daga wannan lokacin dokar mai silinda ta hau kansa. Sannan masu sauka da tiyo a baki, injin kwamfuresa na turo musu iska daga kwale-kwale, kamar yadda wasu masu haƙar yashi ko zinariya ke yi, duk dokokin nan sun shafe su baki ɗaya. Halinsu ma ya fi muni: iskar ba ta ƙarewa balle ta tilasta musu fitowa, sai su yi sa'o'i a ƙasa, idan injin ya mutu ba su da ajiya sai gudu zuwa sama, idan kuma bakin da injin ke zuƙar iska yana kusa da salansa, hayaƙi mai guba ake tura musu.

Duk lokacin da na zo zangon mita 5 a ƙarshen nutso sai in ji ruwa na ɗaga ni, ko na fitar da duk iskar falmarana. Wani ya ce in ƙara dalma kilo 4. In bi shawararsa? — Mai karatu daga Bur Sudan

Hajiya, kada ki ƙara kilo 4 da ka. Ki auna. Iskar da ke cikin silinda tana da nauyi: silinda mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 tana ɗauke da lita 2,400 na iska, kusan kilo 3. Idan kika sha ta har zuwa ba 50, kin rage sama da kilo 2 daga nauyin da kika shiga da shi. Ga rigar roba, wadda ta matse a ƙasa, tana sake kumbura a sama. Silindar alminiyom da ake yawan bayarwa haya ita kanta tana neman yin iyo idan ta kusa ƙarewa, kuma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, don haka ta fi ɗaga mutum.

Gwajin da ya dace a ƙarshen nutso ake yin sa, ba a farko ba. Da ba 50 a silinda, falmaran babu iska, ya kamata ki iya tsayawa a mita 5 kina numfashi yadda kika saba, ba kya hawa ba kya sauka. Idan kina hawa, ki ƙara kilo 1, ki sake gwadawa a nutso na gaba. Ki rubuta adadin tare da kaurin riga da irin silinda.

Yawan dalma shi ma cuta ne, kuma shi ya fi yawa a sababbin masu nutso. Kowane kilo na rara sai an zuba kusan lita ɗaya ta iska a falmaran kafin a daidaita shi. Wannan iskar ce ke kumbura wurin tasowa: ta ɗaga ki kaɗan, matsi ya ragu, ta ƙara kumbura, ta ƙara ɗaga ki, har abin ya fi ƙarfinki. Saboda haka ba a danna maɓallin hura falmaran don a taso. Da ƙafa ake tasowa, hannun hagu riƙe da tiyon fitar da iska a sama da kafaɗa, ana sakinta kaɗan-kaɗan tun kafin a ji tana ja. Ki tabbata kafaɗar da bawul yake ita ce mafi tsayi a jikinki, domin iska ba ta fita ta ƙasa. Idan kanki na ƙasa ƙafafu na sama, bawul ɗin ƙugu za ki ja. Idan maɓallin hurawa ya maƙale yana ta zuba iska, cire tiyonsa nan take da hannu ɗaya, ɗayan na sakin iska. Idan kuma tasowar ta ƙwace, ki baje hannuwa da ƙafafu ki kwanta rigingine don ruwa ya rage miki gudu, kina fitar da numfashi ba tsayawa.

An koya mana mu fito da ba 50 a silinda. Idan ina mita 30, a wane adadi ya kamata in fara tasowa? — Mai karatu daga Fatakwal

Wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi mana, domin ba 50 abin da za ka fito da shi ne, bai gaya maka lokacin barin ƙasa ba. Lissafin da ya dace shi ne: idan iskar abokina ta yanke a wuri mafi zurfi, nawa za ta ishe mu, mu biyu, mu taso a kan ƙa'ida daga silinda ɗaya?

Mutum a natse yakan sha lita 15 zuwa 20 a minti a matsin sama. A firgice a ƙaddara masa lita 30, wasu ma sun fi. Mutum biyu lita 60 ke nan a minti, sai a ninka da matsin wurin.

Minti 1 a mita 30 ana miƙa wa juna abin shaƙa ana natsuwa: 60 sau 4, lita 240. Tasowa daga mita 30 zuwa 5, kusan minti 3, matsakaicin matsi ba 2.75: lita 495. Zangon minti 3 a mita 5, matsi ba 1.5: lita 270. Minti na ƙarshe: lita 75. Jimla lita 1,080. A silinda mai lita 12 wannan ba 90 ne. Ƙara ba 10 zuwa 20 saboda geji ba ya faɗin gaskiya sosai idan ya yi ƙasa, kuma na'urar shaƙa tana tauri idan silinda ta kusa ƙarewa. Ashe a mita 30, allura na taɓa ba 100 zuwa 110, lokacin barin ƙasa ya yi. A mita 40 adadin ya haura haka sosai, kuma a nan ne za ka gane dalilin da ya sa masu zurfi ke goya silinda biyu.

Game da silindar ajiya ta gefe: mai lita 3 a ba 200 tana da lita 600. Rabin lissafinmu na sama, wato na mutum ɗaya, lita 540 ne. Ka ga da ƙyar ta isa daga mita 30. 'Yan ƙananan gwangwanayen nan da ake rataye wa a ƙirji, masu ɗaukar lita 85 ko ƙasa, a mita 30 ba za su kai minti ɗaya a bakin firgitacce ba. Mu dai ba ma ɗaukar su ajiya ga mai zurfi. Tasowar gaggawa da numfashi ɗaya, ana fitar da sauti ta baki har sama, ana koyar da ita ne don zurfin da bai wuce mita 9 ba.

Na sayi doguwar balan-balan ta alama da kwarkwaron zare, amma ina tsoron ta ja ni sama. Yaya ake harba ta? — Mai karatu daga Jidda

Tsoronka a kan hanya yake, ta ja mutane da yawa. Amma kayan nan biyu suna cikin abin da ba ma yarda a shiga teku babu su. Balan-balan ɗin tana nuna wa direban jirginku inda ruwa ya kai ku, tana gargaɗin sauran jirage masu farfela, zaren kuma yana ba ka abin da za ka daidaita zurfinka da shi a tsakiyar ruwa inda ido ba ya ganin ƙasa ko bango.

Nemi mai tsawon mita 1.2 zuwa 1.8, ruwan lemo mai haske, wadda bakinta ke rufe kansa kuma tana da bawul na sakin rarar iska. Mai buɗaɗɗen baki tana faɗuwa a sama ta zubar da iskarta. Zaren ya fi zurfin da za ka harba da aƙalla rabi, domin ruwa mai gudu yana karkatar da shi: daga mita 20, zaren mita 30.

Ka daidaita kanka tukuna, ba ka hawa ba ka sauka, ko ka ɗan fi nauyi kaɗan. Ɗaura zaren a balan-balan, ka ja ka tabbatar. Warware ta, ka miƙa hannu ka nisanta ta da jikinka, zaren a miƙe, babu lanƙwasar da za ta naɗe yatsa ko tiyo ko bawul. Ɗaga kai ka duba babu mutum ko jirgi a samanka. Sannan ka zuba iska ka saki. Nawa? A mita 20 kashi ɗaya cikin uku ya isa, za ta cika da kanta a hanya. A mita 10 rabi. A mita 5 sai ka cika kashi biyu cikin uku, kuma a nan ta fi wahala domin jan ta ya fi ƙarfi, kai kuma ba ka da tazara. Shi ya sa harbawa daga mita 10 zuwa 15 ta fi sauƙi ga mai koyo.

Riƙe kwarkwaron sako-sako tsakanin babban yatsa da manuniya ya yi ta juyawa. Dokar da ba a karyawa: kada ka maƙala kwarkwaron a jikinka lokacin harbawa. Idan zare ya harɗe, ko farfelar jirgi ta kama shi, sake shi ya tafi. Idan ta isa sama, naɗe rarar zaren ka ɗan ja ta ƙasa don ta tsaya a miƙe, ka ci gaba da naɗewa kana tasowa, kada zare ya yi ta yawo kewaye da kai. Wuƙa ko almakashi su kasance inda kowane hannu zai kai.

Inda jirgi ya saukar da igiya mai nauyi a ƙasa da tulun alama a sama, ita ta fi komai. Sai dai idan igiyar anga ce kuma teku na tashi, za ta riƙa fizgar ka sama da ƙasa mita ɗaya ko biyu. Riƙe ta sako-sako, ko ka maƙala gajeriyar igiya ta mita ɗaya zuwa biyu a jikinta ka riƙe ɗaya bakin, ita ta sha fizgar.

Kwamfutata ta taɓa nuna mini "mita 3, minti 6" da wata kibiya. Na ga kuma masu zurfi na rataye ƙarin silinda suna canzawa a hanya. Mene ne bambancin wannan da zangon minti 3? — Mai karatu daga Accra

Zangon kariya ƙari ne, idan larura ta sa ka tsallake shi, lissafi bai ce za ka kamu ba. Abin da kwamfutarka ta nuna zangon dole ne. Ka wuce iyakar lokacin da ake iya fitowa kai tsaye, yanzu akwai rufi a kanka wanda ido ba ya gani. A jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, iyakar ita ce minti 56 a mita 18, minti 20 a mita 30, minti 9 kacal a mita 40, kuma nutso na biyu a rana ɗaya iyakarsa ta fi gajarta saboda ragowar naitirojin na farko. Idan ta faru ba da shiri ba: taso a kan ƙa'ida, tsaya a zurfin da ta ce ko ka ɗan fi shi zurfi, kada ka taso sama da shi, jira har ta share, ka duba iskarka. Ga mai aiki da wancan jadawalin ba kwamfuta, idan ya zarce da minti 5 ko ƙasa, zai yi minti 8 a mita 5 ya huta awa 6. Idan ya fi haka, aƙalla minti 15 ya huta awa 24.

Tsarin tasowa zango-zango John Scott Haldane ne ya fitar da shi a 1908 don sojojin ruwan Birtaniya. Yawancin kwamfutocin masu zurfi a yau suna aiki da lissafin Albert Bühlmann na Zurich, wanda ya kasa jiki gida 16, wasu na cika da naitirojin cikin mintuna, wasu sai bayan sa'o'i. Iyakar abin shi ne jiki ya ƙoshi da naitirojin gaba ɗaya. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun Najeriya, mai dafa abincinsa Harrison Okene ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin kusan mita 30. Da masu ceto suka same shi ba su fito da shi kai tsaye ba, domin hakan zai iya kashe shi. A cikin akwatin ƙarfe mai riƙe matsi aka ɗago shi, ya ƙara sama da kwana biyu a ɗakin matsi ana sassauta masa a hankali.

Silindun da ka gani na gaggauta fitar naitirojin ne. Ɗaya galibi rabinta oksijin ce, ana komawa kanta a mita 21. Ɗaya oksijin zalla, ba a taɓa ta sai a mita 6. Dalili shi ne oksijin na zama guba idan matsinsa ya wuce ba 1.6 (lokacin aiki a ƙasa ma 1.4 ake tsayawa), yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba gargaɗi, abin shaƙa ya faɗi daga baki. Wanda ya shaƙi mai rabin oksijin a mita 40 ya sha ba 2.5. Har ƙwararru sun mutu saboda kuskuren ɗaukar silindar da ba ita ba. Don haka kowace silinda ana auna iskarta da na'ura a rubuta iyakar zurfinta da manyan lambobi, kuma kafin a canza sai an duba lambar, an duba zurfi, an bi tiyo da hannu daga bawul zuwa baki, aboki ya tabbatar. Wannan aiki ne na kwas na musamman, ba a koyonsa daga kallo.

Wata magana da ta yi tashe a baya ita ce yada zango tun can ƙasa, a rabin zurfi. Gwajin da sashen binciken nutso na sojojin ruwan Amurka ya wallafa a 2011 ya nuna cewa, da aka mayar da lokacin zango zuwa ƙasa, masu kamuwa sun fi yawa, domin sassan jiki masu jinkiri suna ci gaba da shan naitirojin a can. A ra'ayinmu, kada ka ƙirƙiro wa kanka zangon ƙasa da kwamfutarka ba ta nema ba. Rarar lokacinka ka kashe ta a mita 5 ko 6.

Kunnena na ciwo lokacin tasowa, ba lokacin sauka ba. — Mai karatu daga Kwatano

Iskar da ta shiga bayan dodon kunne ce ta rasa hanyar fita, galibi saboda mura, ko maganin buɗe hanci da ƙarfinsa ya ƙare kana ƙasa. Tsaya, koma ƙasa mita ɗaya, haɗiye yawu, motsa muƙamuƙi, sake tasowa a hankali. Kada ka toshe hanci ka hura, ƙara mata iska kake yi. Idan jiri ya kama ka, riƙe igiya ko abokinka ka kalli kwamfuta. Mai mura ya haƙura da nutso.

Ana kiran mu aikin nutso a madatsun ruwa a nan Arewa. Lissafin teku ya shafe mu? Kuma yaushe zan iya hawa jirgin sama? — Mai karatu daga Kano

Ya shafe ku, har da ƙari. Jadawalin teku an gina shi ne a kan cewa za ka fito cikin matsin ba 1. Duk wurin da ya haura mita 300 daga matakin teku matsinsa ya gaza haka, kuma Kano da kewayenta sun kusa mita 500, Jos ta kai wajen 1,200. Ke nan nutson mita 20 a can ya fi na teku nauyi a jiki. Ka tabbata kwamfutarka na gane tsayin wuri da kanta ko ka saita ta, ka kuma saita ta a ruwan daɗi. Ga duhun ruwan dam, ga rassan itatuwan da ruwa ya shanye da tsofaffin koma da ke iya tare ka ta sama: sauka da tasowa su kasance a kan igiya, hannu ɗaya a saman kai, da mutum a sama mai lura. Kusa da ƙofar da ruwa ke fita kuwa ba a shiga sai an rufe an kulle, domin zuƙarta ba ta sakin mutum.

Jirgin fasinja matsin cikinsa kamar na tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400 ne. Shawarar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso: aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya marar zangon dole, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka sosai idan an yi zangon dole. Awa 24 ta fi kwanciyar hankali. Mota ma haka take idan tudu za ta hau. Wanda ya yi nutso a Jidda da safe kada ya kama hanyar Ɗa'ifa da yamma, haka mai fitowa daga ruwa ya nufi Jos.

Abokin aikina ya fito yana kukan kafaɗa da mutuwar ƙafa, wasu suka ce a mayar da shi ruwa kumfar ta narke. Daidai ne? — Mai karatu daga Warri

A'a, kada a mayar da shi. Mutumin da ƙafarsa ta fara mutuwa yana iya suma ko amai a ƙarƙashin ruwa, kuma iskar silinda ƙara masa naitirojin za ta yi.

Alamun da za a lura da su: ciwo mai zurfi a kafaɗa, gwiwar hannu ko gwiwa wanda motsi ba ya canza shi, gajiyar da ta wuce aikin da aka yi, ƙaiƙayi ko shatar ja da shuɗi a fata, jin kamar ana tsira allura, rashin ƙarfi, tangaɗi, jiri, kasa fitsari, ruɗewa, tari da ƙuncin ƙirji. Yawanci suna bayyana cikin sa'o'in farko, kusan duka cikin awa 24. Wanda ya faɗi ko ya suma cikin minti 10 da fitowa, a ɗauka iska ce ta shiga jijiyar jininsa daga huhu. Taimakon farko ɗaya ne. A kwantar da shi a miƙe, ba a ɗaga ƙafafu sama da kai ba; idan ba ya cikin hayyacinsa, a gefensa. A ba shi oksijin zalla nan take, da abin rufe fuska mai jaka a lita 15 a minti, ko na'urar da ke bayarwa gwargwadon shaƙa, kuma kada a cire don ya ce ya ji sauƙi, alamun kan dawo. Idan yana iya haɗiya a ba shi ruwa. Ba tausa, ba wanka da ruwan zafi. Idan numfashi ya tsaya a fara danna ƙirji da hura baki.

Maganin yana ɗakin matsi. Tsarin da aka fi amfani da shi, jadawali na 6 na sojojin ruwan Amurka, yana mayar da majiyyaci matsin mita 18 yana shaƙar oksijin, na tsawon awa 4 da minti 45 ko fiye. Ɗakunan nan ba su da yawa a yankinmu, wasu kuma na kamfanoni ne da ba sa karɓar kowa, don haka tun kafin a shiga ruwa shugaban aiki ya san wanda ke aiki a ranar, lambar wayarsa, da awa nawa za a yi kafin a kai, sannan ya ɗauki oksijin da zai isa wannan tafiyar. A fara kai shi asibiti mafi kusa a kira likitan nutso daga can. A tafi da kwamfutarsa, a rubuta zurfi da tsawon kowane nutso na kwana biyun da suka wuce, lokacin da ya fito, da lokacin da kowace alama ta fara. Abokin da suka yi nutson tare shi ma a sa masa ido. Idan da jirgi mai saukar ungulu za a ɗauke shi, a gaya wa matuƙin kada ya haura mita 300.